Daga Kwangila zuwa Kan Iyaka: lodi, birki da sefa a kan dutsen Mambila

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman bayani a kan ƙauyukan bakin iyaka da ke kan dutsen Mambila, musamman Mayo Ndaga da Kan Iyaka, inda ake tsallakawa Kamaru ta wajen Banyo. Mutum ne da jari daidai gwargwado, yana son ya ɗauki kaya daga Zariya ya sauke can, ya juyo da na can. Wace hanya ake bi, wane kaya ke tafiya, kuma a ina asara ta fi ɓuya? Lissafin takarda yana nuna riba mai kauri, abin da ya sa nake tsoronsa ke nan.

Alhaji Mai Kanta: Wa alaikumus salam. Gara da ka ji tsoro, yaro, don takarda ba ta hawa dutse. Mu fara da hanya. Daga Kwangila a Zariya a bi ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, sai Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo. Ƙaramar mota da ta fita da asuba a nan take kwana. Daga Jalingo sai Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe. A Mayo Selbe shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta ƙare, dutse ya fara. In ka gama hawa sai Maisamari, sai Nguroje, kwalta kuma ta wuce Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Mai zuwa Mayo Ndaga yana rabuwa da kwalta a yankin Nguroje ya nufi gabas a kan jar ƙasa. Tafiyar duka ta haura kilomita 1,000. Mota mai lodi ka ba ta kwana uku zuwa Nguroje, ka ajiye na huɗu a aljihu.

Ka tsara tafiyarka yadda za ka kwana Serti ko Mayo Selbe, ka fara hawa da safe bayan hazo ya ɗaga. Hawan yamma ba na baƙo ba ne. Kwanonin masu lanƙwasa ne sosai, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami, in gajimare ya sauko kan titi fitilarka fari kawai za ta nuna maka.

Hajiya Mai Zuma: Alhaji, ta kudu fa? Wasu suna bi ta Kaduna, Akwanga, Lafiya, Makurdi, Gboko, Katsina-Ala, Takum, su ɓulla Bali.

Alhaji Mai Kanta: Ana bi, Hajiya. Amma tsakanin Katsina-Ala da Takum sai an tambayi direbobin da suka fito a ranar, saboda tsaro yana sauyawa. Mai son ratsawa ta Wukari zuwa Jalingo kuma ya tuna gadar Namnai ta karye a 2024, ya binciki halin da take ciki kafin ya ɗora kaya. Ta Gombe ta fi tsawo, ta fi kwanciyar hankali.

Malamin Kongo: Kafin a shiga kayan, ina ganin ya kamata ƙanenmu ya gane abin da ya sa ƙauye irin wannan yake zama kasuwa, don daga nan lissafinsa zai gyaru. Ba yawan jama'a ba ne, ba kuma arhar kaya ba. Wurin da abin hawa yake gazawa ne. Tirela tana da inda take tsayawa, mota ƙirar Kanta tana da nata, tsohuwar Landiroba ta karɓa, inda ita ma ta gaza babur ya karɓa, wani wuri sai jaki ko kan mutum. Duk inda aka sauke kaya daga wani abin hawa zuwa wani, dole a samu ɗakin ajiya, 'yan dako, mai abinci, mai faci, ɗan canji da mai masauki. Zango ke nan, irin na fatake. Hausawa sun daɗe suna bin wannan yanki zuwa Banyo da Tibati neman goro da hauren giwa tun ƙarni na 19, lokacin da lamidan wurin suke ƙarƙashin Yola.

Iyakar ta zo daga baya. Yankin yana cikin Kamarun Jamus, bayan yaƙin duniya na farko Ingila da Faransa suka raba, Mambila ta faɗa hannun Ingila, Banyo hannun Faransa. A ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961 Arewacin Kamaru ya zaɓi Nijeriya, aka raɗa masa lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar ta gada. Hukuncin kotun duniya na 10 ga Oktoba 2002, wanda mutane suka sani da na Bakassi, ya shafi iyakar tudu ma har wannan yanki. A wurare da yawa layin yana bin ƙoƙuwar tudu ne, inda ruwa ke rabuwa: wanda ya gangara yamma namu, wanda ya gangara gabas nasu. Shi ya sa za ka ga dangi ɗaya, makiyaya ɗaya, ƙasa biyu.

Ɗan Sabon Gari: Malam, na gode. To in na fahimta, kuɗin mota ba ɗaya ba ne, kashi-kashi ne?

Alhaji Mai Kanta: Yawwa, ka taɓo wurin. Ɗauki kanta mai tan 5, buhu 100 ke nan masu kilo 50. A ƙarshen kwalta za a sauke. Landiroba a kan wannan hanya buhu 15 zuwa 20 take ɗauka in ana so ta kai lafiya, sawu 5 zuwa 7 ke nan. In ruwa ya ɓata hanya aka koma babur, buhu 2 ko 3 a sawu, ka ga sawu 34 zuwa 50. Kowane sauke da ɗorawa ana biyan 'yan dako a kan buhu, kuma kowane sauke yana cin buhu: wani ya fashe, wani ya jiƙe, wani ya yi ƙafa. Guntun da ya rage daga kwalta zuwa bakin iyaka, duk da gajartarsa, da damina yana iya tasar wa kuɗin doguwar tafiyar da aka yi a kwalta. Wanda ya yi lissafi da kuɗin Zariya zuwa Nguroje kawai ya yi rabin lissafi.

Saboda haka kaya mai nauyi mai ƙaramar riba, siminti da gishiri da kwanon rufi, ba na ɗan Zariya ba ne. Masu ɗaukowa daga Jalingo da Yola sun fi ka kusa. Naka shi ne mara nauyi mai daraja: atamfa da shadda, takalma, kayan gyaran babur, fitilun sola, busasshen tumatir da barkono, waɗanda muke da su a nan yankin Zazzau. Kuma ka ɗaure su tun daga gida a ƙunshin da bai wuce kilo 25 ba, leda biyu a ciki, buhu a waje, da lamba a jiki. Dila mai kilo 80 ba ta hawa babur, dole a kwance ta a fili, daga nan ƙidaya ta fara ruɗewa.

Bakaniken Kwangila: Salam. Ni kan mota zan yi magana, don Alhaji ya ce "in ana so ta kai lafiya" ya wuce. Saman Mambila kusan mita 1,600 ne daga teku, wasu tuddan sun fi haka, Chappal Waddi da ke kan iyaka mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a Nijeriya. Iska a can ba ta da kauri. Injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 1,000. Motar da take jan lodinta da kyar a hawan Jos, a can za ta tsaya a tsakiyar kwana, kuma tashi daga tsaye a kan gangara shi ke ƙona kuloci. A rage lodi kashi ɗaya cikin biyar daga abin da aka saba, ya fi arha a kan sabon faranti.

Ruwa ma a can yana tafasa a kusan digiri 95, ba 100 ba. Murfin lagireto shi ke riƙe matsi don kada ruwan inji ya tafasa da wuri. In robar murfin ta mutu, a Zariya ba za ka lura ba, a hawan Mayo Selbe za ka ga tururi. Murfi sabo, fambel sabo da na safaya, tiyo na sama da na ƙasa a matsa su da hannu, in sun yi laushi kamar biredi a canja. In ta yi zafi kada a kashe inji nan take, kada a buɗe murfi, a bar ta tana aiki a tsaye ta huce.

Amma hawa ba ya kashe mutane kamar sauka. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, ko ƙasa da ita. A sa giyar tun kafin gangara ta fara, don in mota ta ɗauki gudu ba za ta yarda ta shiga ba. Kada a sa furi don tsimin mai. Birki a taka da ƙarfi gudu ya ragu, a saki ya sha iska, a sake takawa. Ɗora ƙafa a kai a hankali tun daga sama har ƙasa shi ne kuskuren. Man birki na DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma yana shan danshi, wanda ya tsufa a 140 zai tafasa. Da ya tafasa ya zama iska a cikin bututu, ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. A zuƙe tsohon gaba ɗaya a zuba sabon DOT 4, a fitar da iska a tayoyi huɗu, ba a ƙara a kan tsoho ba. Mai birkin iska ya zubar da ruwan tanki kowace safiya, idonsa a kan agogon iska. Waigi biyu na katako a hannun yaron mota, ba a ƙarƙashin kaya ba.

Alhaji Mai Kanta: Gaskiya ne. In ka ji warin birki, tsaya a inda hanya ta yi faɗi, sa waigi, ba shi rabin awa. Kada a watsa wa ganga ruwa, tsagewa take yi. Kuma mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya.

Ɗan Canjin PZ: Ranku ya daɗe. Nawa ɓangaren kuɗi ne. Na farko, sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin daban, ta Kamaru da Cadi daban. A hukumance darajarsu ɗaya, kowace 655.957 ce Yuro ɗaya, amma takardun ba ɗaya ba ne, kuma mai shago a Banyo ba zai karɓi ta Maraɗi ba. Duba rubutun jiki: ta Kamaru za ka ga Afrique Centrale, ta yamma Afrique de l'Ouest da wani zane mai kama da kifi mai zarto. A nan Zariya da Kano ta yamma ta fi yawo, don haka ka faɗa wa ɗan canji a fili ta Kamaru kake so. Babban bankinsu ya fito da sababbin takardu a Disamba 2022, ka nemi a nuna maka su ka san kamanninsu.

Na biyu, canji sau biyu shi ke cinye riba a ɓoye. Misali ne kawai, ba farashin yau ba: a ce ana sayar maka da sefa 1,000 a naira 2,550, in ka dawo da ita a karɓa a 2,450. Tazarar naira 100 ce, kusan kashi 4 cikin 100. A kan sefa miliyan 2, naira 200,000 ta tafi ba ka sayi ko allura ba. Maganinsa, in ka sayar da sefa ka sayi kayan dawowa da sefar, kada ta koma naira sai a kasuwar Sabon Gari a siffar kaya.

Na uku, ƙidaya. Da Fulatanci ake yawancin ciniki a kan dutsen, kuma suna ce wa sefa 1,000 "booro", kamar yadda mutanen Nijar ke cewa jaka. Kai kuma a kunnenka jaka naira 200 ce ta iyayenmu. Duk farashin da aka yanke a rubuta shi da lambobi, a sa sefa ko naira a gefensa, kowa ya gani.

Hajiya Mai Zuma: Ka ƙara masa da maganar waya. Kusa da iyaka waya tana tsallakawa layin Kamaru da kanta, kati ya ƙare ba a yi kira ba. A shiga saiti a zaɓi layi da hannu. Kuma kada a dogara da tiransifa ko POS bayan an bar kwalta. Ciniki ya faɗa, sabis ya ɗauke, mai kaya ya sayar wa na bayanka.

Kayan dawowa kuwa, zuma ta fi dacewa da mai ƙaramin jari, don ba ta ruɓewa a hanya in mai kyau ce. Lita ɗaya ta zuma kusan kilo 1.4 take, jarka mai lita 25 cike za ta ba ka wajen kilo 35 ban da nauyin jarkar. In ka ɗora a sikeli ka ga 30, ko ba ta cika ba ko ta sha ruwa. Ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Can ƙasar danshi ce, in an yanke saƙar da ƙudan bai rufe ba, ruwanta yana yawa, da ta sauko cikin zafin Bali da Numan sai ta fara tsami, kumfa ta taso, jarka ta kumbura ta tsage a bayan mota. Akwai ƙaramin madubin awo da ake ɗiga zuma a kai a duba a rana, a saye shi, kuɗinsa bai kai asarar jarka ɗaya ba. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa ba sa kama wadda aka haɗa da narkakken sukari, ko sikeli ba ya kamawa. Wannan sai sanin mai kawowa. A bar tazarar yatsa huɗu a saman jarka, kuma jarkar ta zama ba ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi ba, warinsu ba ya fita.

Wani abu da baƙo ke mamaki: ledar biskit da aka rufe a ƙasa, in ta hau dutsen sai ta kumbura kamar balan-balan, jarkar da babu komai da aka rufe a sama kuma in ta sauko sai ta lotse. Matsin iska ne. Manja ko man gyaɗa da za a hau da shi kada a cika shi maƙil.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, fiya fa? An ce a can kamar kyauta take.

Hajiya Mai Zuma: Ɗana, araha ba ta ado. Fiya ba ta nuna a kan bishiya, sai an tsinke, daga nan kwana 5 zuwa 10 gare ka, zafi kuma yana rage su. Kwana biyu na tarawa, ɗaya na fitowa kwalta, uku na hanya, ka iso Zariya da kwana ɗaya ko biyu a hannu. In za a yi, a tsinke da hannu da guntun ƙararta, ba a kaɗo da sanda ba, don wadda ta bugu daga ciki take baƙi. A zuba a kwandon roba mai huji, kilo 20 zuwa 25, ba a buhu ba. Kada a haɗa ta mota ɗaya da ayaba, iskar da ayaba ke fitarwa tana nunar da ita da wuri. Tampol a ɗaga shi iska ta ratsa. Kuma ga cikas: lokacin da ta fi yawa damina ta riga ta sauka, wato lokacin da hanya ta fi muni. Wake da ganyen shayin Kakara sun fi ta haƙuri nesa ba kusa ba.

Alhaji Mai Kanta: A nan zan saɓa da Hajiya kaɗan. Ni a ganina ɗan Zariya ba shi da abin yi a Kan Iyaka. Ya tsaya Nguroje, ya sayar wa 'yan can sari, su da suka san hanya da jami'ai su ƙarasa. Ribar ta ragu, amma wahala da asara sun koma wuyan wani.

Hajiya Mai Zuma: Alhaji, wanda ya tsaya Nguroje zumar hannu na uku zai saya, kuma a hannu na biyu ake haɗa ta. In bai san ƙauyen da mai kawowa ba, cinikin biri a sama yake yi. Ya je ko sau ɗaya ba kaya, ya samu fatoma, daga baya sai a riƙa aiko masa kwalta.

Malamin Kongo: Ku biyun kuna da gaskiya, a kan kaya daban. Na sayarwa a tsaya kwalta, na saye a shiga ciki. Fatoman da Hajiya ta ambata shi ne ginshiƙin irin wannan kasuwa: shi ke saukar da kai, ya ajiye kayanka, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka in an ci bashi. La'adarsa a yanke tun farko, a san a kan buhu ce ko a kan kuɗi, a san kuma wa zai biya, mai saye ko mai sayarwa. A nemi wanda mai unguwa ko ardo ya sani.

Sai takardu. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka katin tafiya na ECOWAS da tsarin rangwamen harajinta ba sa aiki a can. Ɗan Nijeriya yana shiga ba biza har kwana 90 bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, amma da fasfo, da hatimin shiga, da katin allurar shawara. Mutanen ƙauye suna tsallakawa cin kasuwa ba takarda don an san su, kai ba a san ka ba, jandarma na farko a hanyar Banyo zai tambaya. Motar Nijeriya kuma tana buƙatar takardar izinin shiga ta kwastan ɗinsu da inshorar da ke aiki a can, shi ya sa yawanci ake barin ta a gefenmu.

Akwai abin da dokarmu ta hana fitarwa, masara da katako da ɗanyen fata da tsohon ƙarfe suna ciki. Shinkafar waje ba ta shigowa ta iyakar tudu. Man fetur a jarka kusa da iyaka neman rigima ne. Kuma a tuna Agusta 2019 da aka rufe iyakokin tudu dare ɗaya, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Wanda jarinsa duka yake tsallake a lokacin ya ji a jikinsa. Kada ka bar fiye da abin da za ka iya haƙura da shi a wancan gefen.

Likitan Shanu, Shika: Assalamu alaikum. Tunda ba wanda ya taɓo shanu, kuma su ne babban abin da ke saukowa, bari in sa baki, don na san ƙarshenta can hankalin ƙanenmu zai koma. Saman dutsen ba ƙudan tsando saboda sanyi da tsawo, shi ya sa kiwo ya yi kyau. Amma saniyar da ta tashi a can ba ta san sammore ba. Da ta sauko ƙasar Gashaka da Bali ta shiga yankin tsando, bayan mako biyu zuwa uku a Zariya sai ka ga rama, hawaye, gashi ya tashi, ka ce ciyawa ce ba ta karɓe ta ba. Kada a sauke su kiwo ko shan ruwa a bakin rafin kurmi, a wuce yankin a mota.

In ta kama, maganin diminazin ne. Ƙullin giram 2.36 ana narka shi a ruwa mai tsabta mililita 12.5, ya ba da 15, na dabba mai kilo 300 ne, wato mililita 5 ga kowane kilo 100, a cikin tsoka. Kuskuren mutane kintatar nauyi da ido, su ba da ƙasa da ƙima, cutar ta saba da maganin. A auna da tef: zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba sau kansa, sau tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙashin gindi, a raba da 10,840. Ƙirji santimita 160, tsawo 130, ya ba da kusan kilo 307. Ma'aikacin dabbobi ya yi allurar, kuma ba a yanka sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Sai ciwon hanta, wanda ya yi yawa a fadamun can. Albendazol miligiram 10 ga kowane kilo, ban da saniyar da cikinta bai wuce kwana 45 ba. Boru, wato ciwon baki da kofato, yana bayyana cikin kwana 2 zuwa 14, a duba baki da tsakanin kofato kafin a biya kuɗi. Ciwon huhu ya fi wayo, yana iya ɓuya watanni, don haka a tambayi shaidar rigakafi, a kora dabbar ta yi ɗan gudu a saurari tari. A karɓi takardar lafiya daga ofishin dabbobi kafin lodi. In sun iso, a ware su aƙalla kwana 21, kwano daban, igiya daban.

Bakaniken Kwangila: Likita, lodin shanu a gangara fa wani abu ne daban. A zuba yashi a daɓen mota, a raba bodi da katako gida biyu ko uku. In ba haka ba da an taka birki duk nauyi ya zubo gaba, na gaban su durƙushe, motar ma ta karkata a kwana.

Likitan Shanu, Shika: Haka ne, Oga. A haɗa masu girma ɗaya a gida ɗaya, kada a ƙoshar da su dab da lodi, a tsaya a duba kowane awa uku zuwa huɗu a tayar da wadda ta kwanta. Saniyar da ta saba da sanyi, tsakar ranar Numan tana iya kayar da ita, a ratsa nan da dare ko da asuba.

Shugaban Zaure: Jama'a, an tura saƙonni biyu a kan rikicin manoma da makiyaya na 2017 a Mambila, na goge su don sun fara zama zagin ƙabila. Abin da ya shafi ɗan kasuwa a ciki shi ne maganar fili tana da zafi a can, baƙo ya kama bakinsa. Haka gefen kudu maso yamma na dutsen yana maƙwabtaka da yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru, inda ake rikici tun wajen 2017. Hanyar Banyo daban ce, amma kada wani ya ce maka ga yanke ta can ka bi.

Ɗan Canjin PZ: Malam na Kongo, tambaya. In gwamnati ta shimfiɗa kwalta har Kan Iyaka, ba shi ke nan kasuwar ta bunƙasa ba?

Malamin Kongo: Ciniki zai ƙaru, amma ba lallai ƙauyen ya ci moriyarsa ba. Abin da ke ciyar da shi tsayawar kaya ne. Ran da tirela za ta tashi daga Jalingo ta sauke a Banyo, ɗan dako da mai Landiroba da mai ɗakin ajiya sun rasa aiki, sai mai shayi da ofishin kwastan. Dubi garuruwan da aka yi wa titin bayan gari a hanyar Kano. Ga mai ƙaramin jari ma, munin hanyar ne ke hana manyan 'yan kasuwa shigowa su karya farashi.

Alhaji Mai Kanta: Malam, ka faɗi haka a gaban mai naƙuda da aka ɗauko a babur daga Mayo Ndaga zuwa asibitin Gembu. A yi kwaltar, 'yan dako sa samu wata sana'ar. Ko da yake wutar Mambila mai megawat 3,050 ma tun muna samari ake zancenta.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya saka da alheri. Ga yadda na gyara: tafiya ta farko ba kaya, a motar haya, a nemo fatoma a ga farashi. Ta biyu da atamfa da kayan babur a ƙananan ƙunshi, a dawo da zuma da wake. Shanu da fiya sai gaba. Wane wata ya fi?

Alhaji Mai Kanta: Disamba zuwa Fabrairu. Damina a can tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, ruwanta ya kusa ninka na Zariya. Jar ƙasar in ta jiƙe kamar sabulu take, taya mai sulɓi ba ta da amfani ko a mota mai jan ƙafa huɗu.

Hajiya Mai Zuma: In don zuma ne ka karkata zuwa ƙarshen rani, lokacin ake yanka. Ta farkon ka yi ta a Janairu, ka bar wa fatoma jarkokinka sababbi da lambarka a jiki, ka koma ɗauka kafin ruwa ya zauna. Ka tafi da bargo biyu da rigar sanyi mai kauri da safa, hunturun Samaru wasa ne a kan daren can.